Ragon Uda da Na Yi wa Ɗura

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi firamare zuwa aji huɗu, daga baya na shiga ajin manya har na iya rubuta wasiƙa da hannuna. Wanda ya karanta wannan ya yi haƙuri da rubutun. Laifina nake so in faɗa, yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Ni mutumin wajen Turba ne. Gonarmu ta gado tana cikin daji, nesa da gari. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu taka ta, na nemi ƙodago a wata makarantar koyon noma da kiwo da ke tsakanin Isa da Sabon Birni. Ba ma'aikacin dindindin ba ne ni. Ana ɗaukar mu in ruwan shuka ya sauka, a sallame mu in amfani ya shiga rumbu. Mu ne shuka, mu ne noman firi da maimai, mu ne girbi da yankan harawa da ɗaurin kara. Da yamma, in mun taso daga gona, ni ake sa wa kai harawa da ruwa garken tumaki, don an san na san dabba.

Sanin da na yi wa dabba na kasuwa ne. Da ƙuruciya na yi shekaru ina bin wani dillali, daga kasuwar Isa zuwa ta Bafarawa zuwa ta Sabon Birni. A hannunsa na koyi duba haƙori da taɓa gadon baya. A hannunsa kuma na koyi ɗura. In rago yana da ramin kwiɓi, da safen kasuwa sai a cika shi da ɗanyen ganye da jiƙaƙƙen tsaki, a ɗura masa ruwan kanwa a kwalba, ƙishi ya kama shi ya sha ruwa har ya ƙoshi. Kafin masu saye su taru ya cika ya yi ɓul-ɓul. Ba mu ɗauke shi zalunci ba. Gyara muke ce masa.

Al'adar makarantar ita ce, da farkon damina a ba kowane ɗalibin ajin ƙarshe ramammen rago ɗaya. Shi zai ciyar da shi, ya yi masa magani, ya aza shi a sikeli duk mako, ya rubuta a kati duk abin da ya shiga bakinsa. In kaka ta ƙare sai a yi ranar nuni, alƙalai su zo daga Sakkwato su duba ragunan. Wannan ita ce jarrabawarsu ta kiwo, kuma wanda bai same ta ba babu shi babu takardar shaida. Ranar rabon raguna malamin dabbobi yakan karanta doka da ƙarfi: duk wanda ya ba ragonsa abin da ba ya cikin kati don ya ruɗi alƙalai, an soke shi. Na ji dokar da kunnena. Ni ne ma nake riƙe da igiyoyin.

A cikin ɗaliban shekarar akwai wani dogon saurayi, mai kamar shekara ashirin, marar yawan magana. Daga wata rugar manoma yake kusa da Gatawa. Mahaifinsa ya taɓa mallakar garken tumaki da ake kwatance da shi, 'yan bindiga suka kore su duka rana ɗaya, iyalin suka gudo Sabon Birni suka raɓe a gidan wani ɗan'uwa. Ƙuri'a ake jefawa wajen rabon, kuma shi ne ya ɗauki mafi lalacewa: ɗan uda, gaba ja baya fari, haƙarƙari a waje, ga gudawa ga kaska.

'Yan ajinsu suka yi ta yi masa dariya.

"Wanga rago na, ko igiyar shanya?" in ji ɗaya.

"Ka nema mai gado asibiti," in ji wani, "mu zo dubiya da kunu."

Bai yi fushi ba. Ya shafa wuyan ragon ya ce, "Ku bari kaka ta yi."

Da yake kullum ina kai harawa, muka saba. Yana ce mini Baba, ni kuma ina tsokanar sa da Likita. Ban taɓa ganin mai kula da dabba irinsa ba. Yakan tsince kaska ɗaya bayan ɗaya. Yakan bi gindin gawo ya tsinto masa ragowar 'ya'yan da suka zuba da rani, kuma ko guda uku ya ba shi sai ya rubuta. Wata rana ya ce mini tun da aka kore garkensu bai sake taɓa gashin tunkiya ba sai a kan ragon nan. Ya ce mahaifinsa ya yi alkawarin zuwa ranar nuni.

Akwai abin da ya shiga tsakaninmu, wanda shi bai ma san ya shiga ba. Gwiwar ragon ta taɓa kumbura, na sa ƙarfe a wuta zan yi masa lalas yadda muka gada. Ya riƙe mini hannu a gaban sauran leburori ya ce, "Baba, don Allah bari. Yanzu ba a yin haka." Ya wanke wurin, ya sa magani, cikin kwana biyar ragon ya miƙe. Leburori suka samu abin yi. In na wuce sai su ce, "Tsohon dillali, yaro ya ka da kai da kwalbar magani." Na riƙa dariya tare da su, amma abin ya zauna mini a rai.

Da kaka ta kama, ragon ya zama abin kallo. Jan gabansa yana sheƙi, farin bayansa tas, layin da ya raba su kamar an ja shi da zare. Abokin takararsa ɗaya ne, wani farin balami na wani ɗalibi, mai tsawo da faɗin ƙirji. Saura mako guda a yi nuni na tare saurayin a bakin garke.

"Likita, ragon ga ya yi, amma kwiɓinai na da ɗan rami. Balamin can za shi rufe shi. Ka bar min shi da sahen ranar, ko na awa guda."

"Mi za ka yi mai, Baba?"

Na gaya masa. Ya saurara har na gama, don ba ya katse babba. Sannan ya ce, "A'a, Baba. Don girman Allah kar ka taɓa shi. In ya ci, shi ci da abin da na rubuta ga kati. In bai ci ba, shi ke nan."

"Ku 'yan boko ba ku san kasuwa ba," na ce.

"I, ba mu san ta ba," ya ce, yana murmushi. "Amma wanga ba kasuwa za shi ba."

Na ce to. Amma a zuciyata na riga na gama shawara.

Abin da ban sani ba shi ne, ana gobe nuni malamin dabbobi ya umarce su kada kowa ya ba ragonsa abinci tun daga la'asar, sai an gama awo washegari. Ina gona ina ɗaurin kara lokacin da aka faɗa. Saboda haka cikin ragon fayau yake da safen nan.

Rana ta ɗan ɗago. Ɗalibai sun tafi karin kumallo da sa fararen riguna. Na zagaya fadamar da ke bayan garke, inda waken da aka shuka a makare yake ɗanye shar, raɓa ba ta ko bushe ba. Na yanko runguma guda. Ina da tsakin gero da na jiƙa tun jiya a kwano, da kwalbar jar kanwa a aljihu. Ragon ya faɗa wa ganyen kamar zai haɗa da hannuna. Ya share tsakin. Sannan na sa wuyansa tsakanin gwiwoyina, na ɗaga masa haɓa, na ɗura masa kwalbar. Bai yi gardama ba, don ya san ni. Ya yi tari sau biyu, ya sa kai a bokiti ya sha sai da na ga gindin bokitin.

Ina tsaye ramin kwiɓin ya cike. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki tsintsiya na share ragowar ganyen, na tura shi ƙarƙashin tarin taki.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don ƙaunar yaron na yi. Akwai ƙauna a ciki. Amma da ita kaɗai ce, me ya kai ni ɗaukar tsintsiya? So nake ragon ya ci, in bari a kwana biyu, sannan in gaya wa leburorin nan cewa hannun tsohon dillali ne.

Akwai kuma abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba duk shekarun da na yi a kasuwa. Ragon da muka yi wa ɗura, kafin hantsi ya gama an saye shi, an jefa shi mota, an yi Kudu da shi ko an haye Nijar. Ban taɓa bin ko ɗaya zuwa gidan da aka kai shi ba. Ban san abin da ke faruwa da su da azahar ba.

An shirya fara nuni da hantsi. Alƙalai ba su iso ba. Aka ce hanya ba ta da kyau, sun tsaya jiran motoci su taru a tafi tare. Aka ɗaure raguna a ƙarƙashin rumfar zana, iyaye kaɗan da suka samu zuwa suka zauna a benci. Mahaifin saurayin ya zo a bayan babur, wani siririn dattijo da sanda, cikin farar riga da aka wanke aka ninke don ranar. Na ga lokacin da ya tsaya gaban ragon. Bai taɓa shi ba. Ya dai daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai, ya je ya zauna.

Rana ta take. Saurayin ya zo ya ja ni gefe.

"Baba, zo ka gani. Kwiɓinai na hagu ya tashi, kuma ban ba shi komi ba."

Na je. Ragon yana buga ƙafa, yana waiwayen cikinsa. Na ɗora hannu na ji wurin ya yi tauri kamar fatar ganga. Malamin dabbobi yana nan tsaye, taku ashirin daga inda muke.

Na ce, "Iska ta. Za ta hita."

A duk abin da na yi, wannan maganar ce ta fi tsaya mini.

Alƙalai suka iso dab da azahar, aka fara a gurguje. Ɗalibi ya ja ragonsa ya zagaya fili, ya tsaya, a taɓa, a yi masa tambayoyi. Da aka kira saurayin, ragon ya taso da ƙyar, baki buɗe, kumfa na zuba. Ya yi rabin zagaye, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, ya kife. Malamin dabbobi ya rugo. Ya sa aka kawo man gyaɗa, amma ragon ya kasa haɗiya. Ya soka masa wata babbar allura a kwiɓi, ba abin da ya fito sai kumfa kore. Ya ɗago kai ya ce, "A kawo wuƙa, kar shi zama mushe."

Ni ne mai yanka a makarantar. Ni aka kira.

Muka juya shi alƙibla. Saurayin ne ya riƙe ƙahon. Na duƙa kusa da shi har kafaɗunmu suna gogar juna, na yi bisimilla na yanka.

Malamin ya ce a kai shi bayan sito a buɗe cikin, yana so ya ga dalili. Alƙali ɗaya ya biyo mu, da 'yan ajin, da dattijon da sandarsa. Na feɗe. Da na tsaga tumbin, ga ganyen wake kore, ga tsakin gero ya kumbura, ga warin kanwa ya bugi kowa. Malamin ya karɓi katin ya duba gaba da baya.

"Ina wanga ga katinka?"

"Malam, wallahi ba ni na ba shi ba."

"To wa ya ba shi? Ragonka na. Wa ka bar ma shi?"

Saurayin ya ɗaga ido ya bi fuskokin mutane. Da ya zo kaina ya tsaya kamar na numfashi ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina tsugune, wuƙa a hannu, toroson tumbi har gwiwar hannuna, na yi kamar aikin gabana ya ɗauke mini hankali. Na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Dattijon ne ya juya ya nufi ƙofar makaranta. Bai jira babur ba, bai jira ɗansa ba.

Da yamma aka raba wa leburori naman. Aka ba ni ƙafar gaba. Na kai gida, aka yi miya, yarana suka ci suna murna. Ni ma na ci.

Bayan kwana biyu kwamiti ya zauna, aka soke shi. Ranar da zai tafi ya zo garke da jakarsa a kafaɗa, ya kwance igiyar ragon daga turke, ya naɗe ta a hankali. Ina nan ina kwashe taki. Ya daɗe yana naɗin igiyar nan fiye da yadda igiya ke buƙata.

"Baba, za ni tahiya."

"Allah shi kiyaye hanya," na ce.

Ya ce amin, ya fita.

In aka tambaye ni abin da ya rufe mini baki, ina da amsa mai kyan ji: ina da iyali, gonata ba ta shiguwa, in an kore ni ban san inda za mu ci ba. Gaskiya ce. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi. Na kasa jure a ce tsohon dillali ya kashe rago da hannunsa, a gaban mutanen da suka riga suka yi mini dariya sau ɗaya. Na zaɓi a ce yaron ne.

Rani ya wuce. Da ruwa ya sauka aka sake ɗauka ta. Ranar rabon raguna ina riƙe da igiyoyi kamar bara, malamin ya karanta doka, sannan ya ƙara da abin da ba ya cikin takarda. Ya ce bara wani ɗan wajen Gatawa ya yi ha'inci, ya kashe rago mafi kyau a garke, ya fita ba takarda. Ya ambaci sunansa. Daga ranar sunan ya zama abin wasa a bakin sababbin ɗalibai. Duk wanda cikin ragonsa ya ɗan tasa sai a kira shi da sunan, a yi shewa. Yaran da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Damina guda ina kai harawa ina jin haka.

Ko a nan ban yi abin da ya kamata a kan lokaci ba. Na jira aka yi girbi, aka ɗaure kara, aka ba kowane lebura buhun dawarsa na sallama. Sai da na aza nawa a babur na aika gida, sannan na nufi ofishin malamin dabbobi. Na san abin da nake yi. Ko tubana sai da na yi masa dabara.

Malamin ya girme wa saurayin amma bai kai ni ba. Na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce in hau kujera, na ƙi. Na faɗa masa komai, har da tsintsiya. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Da ka hwaɗa min tun da hantsi," ya ce, "ludayi biyu na man gyaɗa ya isa. Biyu kacal, Baba."

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Ba ka sani ba. Shekara guda ina ɓata sunan ɗan mutane da bakina. Kai ka sa ni."

Ya ce maganar ba ta ofis ba ce, tunda ba a ofis aka ɓata sunan ba. Ana gobe nunin shekarar ya tara ɗalibai da kwamiti da leburori a bakin garke, na tsaya na maimaita. Ba wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi. Kwamiti ya rubuta takarda cewa saurayin ba shi da laifi, kuma in ya dawo cikin shekara biyu za a ba shi rago ya sake jarrabawa. Ni kuma aka ce kada in sake zuwa neman aiki. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in kai takardar da hannuna.

Na je Sabon Birni na yi tambaya har na samu gidan. Mahaifiyarsa ta amsa mini daga bayan ƙofa. Ta ce yanzu yana bin motar wani ɗan kasuwa mai ɗauko kaya daga Nijar, in je Bafarawa ranar kasuwa. Ban nemi ganin mahaifinsa ba. Tsoro nake ji.

A Bafarawa na same shi yana sauke buhunan dabino daga bayan mota. Kafaɗunsa sun buɗe, hannayensa sun yi kanta. Da ya gan ni ya ajiye buhun ya rusuna.

"Baba! Kai na? Ina gajiya, ina iyali?"

Ya ja ni bencin wani mai shayi, ya ce a haɗa mini. Na ba shi takardar. Ya goge hannu a wando, ya karanta sau biyu. Ban jira ya ɗago ba na fara magana, na ce ni ne, ni na ba ragon ganye, ni na yi masa ɗura.

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka duƙa za ka yanka. Na shaƙi hannun rigarka. Kanwa ta."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya juya kofin shayin a hannunsa. "Ga tsohona tsaye, ga baƙi. In miƙa yatsa ga mai hurhura in ce shi na? Ba a koya min haka ba. Na ɗauka kai za ka hwaɗi. Na jira ka bayan sito. Na jira ka kwana biyun kwamiti. Igiyar da na zo ɗauka, mi za ni yi da ita? Don kai na zo."

Kasuwa na ci, wani yana tallan rake a bayanmu, direban motar yana ƙwala masa kira.

"Za ka koma?" na ce. "Sun ce ƙohwa buɗe take."

"In na koma wa za shi ɗauki buhu? Da shi gidan ke ci yanzu."

Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. "Ragon na yahe maka, Baba. Sauran, ban iya ce maka komi yau." Ya miƙe, sannan ya tsaya. "In kana son ka yi min wani abu, tahi ka hwaɗa ma tsoho da bakinka. Ba ya karatun boko, kuma ko ya ji takarda cewa za shi yi na nemo ta. Tun ranar bai sake sa hannu kwano ɗaya da ni ba."

Ranar Juma'a, da na san saurayin yana gida, na koma Sabon Birni. Na tarar da dattijon zaune a kan tabarma a jikin katangar gidan da ba nasa ba, yana tufkar igiya. Ga wasu a gefe an gama, an jera, kuma babu ko akuya a gidan. Na gaishe shi, na gaya masa ko ni wane ne. Na faɗa masa daga farko, har maganar da ɗansa ya yi cewa kada in taɓa ragon. Hannunsa bai daina tufka ba. Da na gama ya ce:

"Wuƙa ta same shi da rai?"

"Ta same shi, Baba."

"Ya yi shure-shure?"

"Ya yi."

"Alhamdu lillahi." Ya ƙulle bakin igiyar. "Rago na gari na. Tun daga nesa na gane hannun gidanmu. Shi ya sa abin ya yi min ciwo. Na ce sun kwashe min tumaki, ashe har da tarbiyya sunka tahi."

Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Bai sake duba inda nake ba. Aka fito da tuwo bayan an sauko masallaci. Ya sa aka ajiye mini nawa kwanon a gefe, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Sannan ya ɗaga murya ya kira ɗansa. Saurayin ya fito ya tsaya daga nesa.

"Zamna nan," in ji dattijon, ya tura kwanon tsakaninsu.

Saurayin ya wanke hannu ya zauna. Suka ci tare. Na yi loma biyu na rufe nawa.

Shekara biyun da kwamiti ya bayar sun cika sun wuce. Bai koma ba. Waɗanda suka yi aji ɗaya da shi wasu suna yi wa dabbobi allura a ƙauyuka, shi yana kan mota. Sunansa ya dawo masa, takardar shaida ba ta dawo ba, kuma ba ni da hanyar da zan ba shi ita. Nakan gan shi jefi-jefi a kasuwar Isa ko ta Bafarawa. Yakan rusuna ya ce Baba, ya tambayi iyali. Sauran da ya ce ba zai iya ce mini komai a kai ba, har yau bai ce ba, ni kuma ban ga ina da bakin tambaya ba.

Akwai ɗaliban da suka bar makarantar kafin in yi magana, da iyayen da suka zauna a benci ranar nan, da alƙalin da ya biyo mu bayan sito. Su har yanzu abin da suka gani suka sani. Saboda su na rubuta wannan. Yaron ya ce kada in taɓa ragon. Ni na yanko ganyen, ni na ɗura kanwar, ni na share wurin, kuma da ya zo ya nuna mini kwiɓin, ni na ce masa iska ce.